Zawarawan Maiduguri da makarantar da ta haɗa su

A ƙarshen watan Yulin 2009, cikin kwanakin da ba su cika mako guda ba, aka kashe mutane sama da 700 a Maiduguri kaɗai. Rikicin daga Bauchi ya faro ranar 26 ga wata, ya bazu zuwa Potiskum da Wudil da Maiduguri, sojoji suka ruguza Markaz, cibiyar Muhammad Yusuf shugaban ƙungiyar da aka fi sani da Boko Haram, da ke wajen unguwar Railway, shi kuma aka kashe shi a hannun 'yan sanda ranar 30 ga wata. Wannan kowa ya sani, an faɗa an maimaita. Abin da ba a cika tsayawa a kai ba shi ne da yawa daga cikin mamatan nan magidanta ne, 'yan sanda da sojoji da gandirobobi da mabiyan Yusuf da kuma bayin Allah da tsautsayi ya rutsa da su a hanya, kuma kusan kowane magidanci ya bar mace a ɗaki, wani biyu wani uku, da yara reras.

Musulmin cikinsu duk takaba ɗaya suka shiga, wata huɗu da kwana goma kamar yadda aya ta 234 ta Suratul Baƙara ta ce, mai ciki kuma sai ta haihu, ba kwalliya ba turare ba kwana a wani gida. Amma fa makokin ba iri ɗaya ba ne. Matar ɗan sanda ko ta malamin makaranta an shimfiɗa mata tabarmi, mata sun cika tsakar gida, wannan ta shigo da kwanon tuwo waccan da jug ɗin kunu, ana ta "ya haƙuri, ya ƙarin haƙuri, Allah ya jiƙansa ya raya abin da ya bari", an yi sadakar uku an yi ta bakwai. Ita kuwa wadda mijinta ɗan Yusufiyya ne, sau da yawa ko gawarsa ba ta gani ba don a manyan ramuka aka zuba da yawansu, kuma wa zai zo mata gaisuwa? A lokacin gemu da ɗangalallen wando kaɗai sun isa su ja wa mutum kamu, balle a gan ka kana shiga gidan da aka san na ɗan ƙungiya ne. Dangin miji su janye jiki, nata dangin ma wasu su ce kar ta kwaso musu masifa, mai gidan haya ya ce ta tattara ta ba shi ɗakinsa. Wata yarinya ce ƙarama ko ashirin ba ta kai ba, an aurar da ita ga wanda iyayenta suka zaɓa, ba ta ɗaga wa kowa ko tsinke ba, amma ita da goyonta aka bar wa laifin.

Kar kuma a ɗauka ta farkon ta tsira. Duk wadda ta taɓa zama kusa da mai takaba ta san yadda gida yake komawa in an watse. Kwana ukun farko ba masaka tsinke, bayan bakwai sai na jiki, bayan arba'in kuwa shiru kake ji kowa ya koma harkar gabansa, kuma daidai lokacin ne abin yake fara cin ta. Sai maganar gado ta taso, ita tumuni ne nata in akwai 'ya'ya, in babu rubu'i, in su huɗu ne matan to wannan tumunin ɗaya za su raba, me tumunin lebura ko kurtun ɗan sanda zai yi wa mai yara biyar? In a bariki suke zaune akwai ranar da za a ce su fita a ba wani ɗakin, haƙƙoƙin mamaci kuma sai an yi ta safa da marwa da fayil a hammata, matan sojoji da na 'yan sanda sun sha fitowa a kafafen labarai suna kukan wannan. Ga ƙaramin yana tambayar yaushe Baba zai dawo. Ga dare, wanda shi ne mafi wuya, ba barci, an buga ƙofar maƙwabta da ƙarfi gabanta ya faɗi, tayar mota ta fashe a titi ta suri yaro ta yi ɗaki. In ta je kemis ba za ta ce komai ba sai "kaina ke ciwo, tunani ya yi min yawa", a auna a ce hawan jini ne a ba ta ƙwaya ta dawo.

Cikin wannan halin ne labarin Barista Zannah Mustapha ya shigo. Lauya ne ɗan Maiduguri da ya daɗe yana aiki a kotunan shari'a, kuma a 2007, tun kafin rikicin ya ɓarke, ya buɗe wata 'yar makarantar firamare ta marayu ƙarƙashin gidauniyar Future Prowess, da yara 36, karatu kyauta, abinci da yunifom da magani duk kyauta. Da 2009 ta zo da abin da ta zo da shi sai ya yi abin da mutane da yawa suka kalla a matsayin ganganci, ya buɗe ƙofa ga 'ya'yan 'yan ƙungiyar da aka kashe, ya zaunar da su aji ɗaya da 'ya'yan jami'an tsaro da na mutanen gari da ƙungiyar ta kashe, ya kuma saka nasa 'ya'yan na cikinsa a makarantar don kowa ya ga ba wata makarantar ware ba ce.

Labarin yaran ya zagaya duniya, an yi hira da shi a gidajen rediyo da talabijin ba adadi. Ni kam iyayensu mata ne suka fi tsaya min a rai. Yaro ɗan shekara shida ba ya kai kansa makaranta a garin da bam ke tashi, uwarsa ce za ta riƙo hannunsa da safe ta dawo ɗaukarsa in an tashi, to a bakin get ɗin nan ne matan da bai kamata su taɓa haɗa hanya ba suka fara ganin juna kullum. Zannah bai bar abin a bakin get ba, ya jawo iyayen cikin harkar makarantar, aka sa su a zaman iyaye da malamai har da matan 'yan ƙungiyar, suna da ta cewa a kan karatun 'ya'yansu, daga nan aka kafa musu ƙungiyar haɗin kai ta zawarawa da koyon sana'a irin su ɗinki. Lokacin da hukumar kula da 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNHCR, ta ba shi lambar yabo ta Nansen a 2017, ta ce ƙungiyar tana tallafa wa mata kusan 600, makarantar kuma ta kai yara 540, ga wasu kusan 2,000 suna jiran gurbi, ga kuma ta biyu da ya buɗe a 2016 da yara 88.

Tsakanin 2009 da 2017 ɗin nan kuwa yaƙin ya ninka zawarawan Borno ninkin ba ninki. A watan Mayun 2013 Shugaba Jonathan ya sa dokar ta-ɓaci a Borno da Yobe da Adamawa, aka katse layukan waya wata da watanni, 'yan kato da gora suka fito, aka yi ta kame. A 2014 Gwoza ta faɗi a watan Agusta, Bama a Satumba, Baga a Janairun 2015, mutane suka yi ta kwararowa Maiduguri a ƙafa, yawanci mata da yara, don mazan ko an yanka su ko sun gudu ko an tsare su a wajen tantancewa. Gwamnatin jihar da kanta, a bakin Kashim Shettima da kuma Babagana Zulum bayansa, ta sha ambatar zawarawa sama da dubu 50 da marayu sama da dubu 50, kuma wannan waɗanda aka rubuta ne kawai. A watan Maris 2014 gwamnati ta rufe makarantunta a Borno bayan kisan ɗaliban Buni Yadi a maƙwabciyarta Yobe, wasu makarantun ma suka koma sansanin 'yan gudun hijira. Future Prowess ba ta rufe ba. Wato duk tsawon lokacin da gari ya rikice, akwai wuri ɗaya da matan nan suka san gobe da safe ma zai buɗe kuma za su tarar da fuskokin da suka sani.

A nan nake ganin sirrin abin yake, kuma ya fi keken ɗinki da buhun shinkafa muhimmanci duk da su ma ba abin rainawa ba ne. Macen da mijinta ya rasu a ƙasar nan ba ta rasa masu ba ta haƙuri ba, sun yi yawa ma. Abin da ta rasa shi ne wanda za ta faɗa wa gaskiyar abin da ke ranta bai ce mata "ki yi istigfari" ba. Ta ce wa yayarta tana jin haushin marigayin da ya ƙi jin maganarta ya fita ranar? Ta ce wa uwar miji har yanzu in ta ji sallamar namiji a zaure sai ta miƙe? Ta ce wa malam akwai ranar da ta kasa tashi sallar asuba ba don barci ba, don kawai ba ta ga amfanin wayewar garin ba? Ba za ta iya ba. Da ta fara hawaye za a ce ta daina kuka yana cutar da mamaci, alhali Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, idonsa ya zubar da hawaye ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu, ya ce ido na zubar da hawaye zuciya na baƙin ciki amma ba ma faɗar sai abin da Ubangijinmu ya yarda da shi, yana nan cikin Bukhari. Kururuwa da yage tufafi aka hana, ba a hana mutum jin ciwo ba. To wadda ita ma ta kwana da irin wannan daren ba ta buƙatar dogon bayani, da an ce mata "jiya ban runtsa ba" za ta ce ni ma watannin farko haka na yi, ki dinga jawo yaran ku kwana ɗaki ɗaya, shi kenan an fara magana. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, amma ciwon mai takaba sai wadda ta yi takaba.

Kuma aikin hannu yana buɗe baki ta yadda zaman nasiha ba ya yi. Ɗauki ɗinkin hula misali, sana'ar da matan Bama da kewaye suka zo da ita Maiduguri har ta zama abincin gidaje da yawa a sansanoni da unguwanni. Mai ba da aiki zai kawo farin yadi da aka riga aka zana, da zare kala-kala, mace ta naɗe yadin a yatsa ta yi ta soka allura a 'yan ƙananan gidaje ɗaya bayan ɗaya, hula ɗaya mai cikakken aiki sai ta ci makonni kafin a kai wa masu wanki su sa mata sitaci su ɗora a kan katako. Aiki ne da ke cin ido da ƙugu, ladansa kuma bai taka kara ya karya ba in aka kwatanta da kuɗin da za a sayar da hular a Kano ko Abuja. Amma dubi yadda ake zaman, mata huɗu biyar a inuwar darbejiya, ƙafa a miƙe, kowa kanta a sunkuye a kan allura, ba mai kallon idon wata. A irin wannan zaman ne mace za ta soma da tsadar zare ta gangaro kan yaron da ke fitsarin kwance tun ranar da aka shigo garinsu, daga nan ba ta san lokacin da ta faɗi yadda aka fitar da mijinta a gabanta ba, ta kusa da ita ba ta ɗago ba sai dai ta ce "Allahu akbar, Maman wance, ashe haka kika gani", ta miƙa mata zaren da take nema. In hawaye ya zo a goge da bakin mayafi a ci gaba. Ba wanda ya kira shi magani amma da yawa sun koma gida da sauƙin ƙirji.

Ba ina cewa wannan ya maye gurbin likita ba. Akwai wadda abin ya yi wa nisa, tana magana ita kaɗai ko ta daina cin abinci ko tana tunanin kashe kanta, wannan asibiti take buƙata, kuma duk Arewa maso Gabas asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya guda ɗaya ne, shi ne na Maiduguri. Gidauniyar Neem ta Dakta Fatima Akilu ta yi ƙoƙari da shirinta na kai masu ba da shawara cikin unguwanni a keke napep, amma ina za su kai ga dubun dubatar mata? Ko a nan ɗin ma ƙawa ce take fara ganewa, ita ce za ta lura yau kwana uku wance ba ta fito ba, ta sa hijabi ta je ta buga ƙofa, in ta kama ta raka ta asibitin ta zauna da ita a layi.

Sai kuɗi. Ƙungiyar agaji ta Red Cross, wato ICRC, ta yi aiki da ƙungiyoyin zawarawa na Musulmi da na Kirista a Maiduguri, ta fara da ba su abinci na wasu watanni sannan ta ba su ɗan jari su kama sana'a, wata keken ɗinki, wata injin markaɗe, wata suyar ƙosai ko man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, wata turaren wuta da humra da garin ya yi suna a kai. Kiristocin ma ba ƙaramin rashi suka yi ba, cocin EYN, wato Ekklesiyar 'Yan'uwa a Najeriya, kaɗai da ke da ƙarfi a kudancin Borno da arewacin Adamawa ta rasa mambobi dubbai. Jarin da aka ba mace ita kaɗai a ɗaki yana saurin karyewa, ciwon yaro ɗaya ya isa ya cinye shi, ko ƙanin miji ya zo rance ba ranar biya. Wanda aka ba ta cikin 'yan uwanta ya fi daɗewa saboda adashe. Kowa ta zuba abin da aka yanka duk sati, uwar adashe ta riƙe, in ɗaukar wata ce amma ɗan wata yana kwance a asibiti sai a ce ki bar mata ta wannan satin ke kya ɗauki na gaba. Ranar da mace ta yarda ta ba wata ɗaukarta, ko ta bar mata yaranta ta tafi Kasuwar Monday saro kaya, ranar ce zumuncin ya tabbata, don ba ka barin ɗanka a hannun wanda kake tsoro. Kuma ki tuna wace ce take barin ɗa a hannun wace, mai yiwuwa mijin wannan da na waccan a fage ɗaya suka mutu suna fuskantar juna.

Wannan ɗin shi ne wurin da ya fi zafi kuma bai kamata a shafe shi da man shanu ba. Akwai matar da aka yanka mijinta a gabanta, a ce ta zauna da wadda aka san mijinta yana cikin masu yankan, a ba su keke iri ɗaya? Wallahi in ta ce ba za ta iya ba ba ni da bakin ce mata komai, kuma ba wanda ya isa ya tilasta mata yafiya. Irin wannan ƙorafin ya ƙaru tun da aka fara shirin Operation Safe Corridor a 2016 ana kai tubabbun 'yan ƙungiyar sansanin Malam Sidi a Gombe ana koya musu sana'a, ya kuma ƙaru bayan mutuwar Shekau a watan Mayun 2021 da dubban mutane suka yi ta miƙa wuya, mutanen Borno da yawa suna cewa wanda ya yi ɓarna ana lallashinsa wadda aka yi wa ɓarnar tana bara a bakin titi. Ƙorafi ne mai tushe. Abin da ya bambanta lamarin makarantar nan a ganina shi ne ba a tara matan don a ce su yafe wa juna ba, ba a yi taron sulhu da lasifika da hoto ba. Yaransu aka ɗauka, abin da kowaccensu ke so fiye da ranta, aka ba su abinci ɗaya da malami ɗaya, sai ya zama abin da ya haɗa su ya fi yawa a kullum fiye da abin da ya raba su, kuɗin sabulu, zazzaɓin yaro, jarrabawar shiga sakandare. Yaran kuma ba ruwansu, sun riga sun zama abokai suna cin abinci kwano ɗaya, uwa ba ta da yadda za ta yi ta ƙi gaisa da uwar aminin ɗanta har abada. A hankali wadda ta zo da ƙiyayya take gane cewa waccan ɗin ma ba a shawarce ta ba ranar da mijinta ya ɗauki bindiga, ita ma an bar ta da yara da yunwa, har ma da ƙarin kunyar da ba za ta iya faɗin sunan mijinta a bainar jama'a ba. Wasu sun zama aminai na gaske, wasu iyakarsu gaisuwa, kuma ko gaisuwar a Maiduguri ta shekarun nan ba ƙaramin abu ba ce.

Amanar da aka gina a wajen matan nan ta yi amfani inda ba wanda ya zata. Bayan sace 'yan matan Chibok 276 a daren 14 ga Afrilun 2014, Zannah Mustapha na cikin waɗanda suka shiga tsakani, tare da gwamnatin Suwizalan da ICRC, har aka sako 21 a watan Oktoban 2016 da kuma 82 a watan Mayun 2017. Dalilin da ya sa 'yan ƙungiyar suka saurare shi ba ɓoyayye ba ne, shi ne mutumin da ya riƙe matan 'yan uwansu da marayunsu lokacin da kowa ya gudu.

Mu a nan in an ce bazawara, abin da ke fara zuwa bakin kowa shi ne Allah ya kawo miji nagari. Kano ta fara auren zawarawa ta hannun Hisba a 2012 da ma'aurata 100 zamanin Kwankwaso, a 2023 gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta aurar da 1,800 a tashi ɗaya. Ban ƙi ba, aure sunna ne kuma akwai waɗanda suka dace suka samu rufin asiri. Amma a garin da yaƙi ya cinye maza, mazan ina suke? Kuma wanda ya fito ɗin sau nawa yake yarda ya riƙe agola huɗu? Sai a rarraba yaran, wannan wajen kawu waccan wajen goggo wani almajiranci, uwar ta shiga gidan kishiyoyi da ciwon da bai warke ba, in ta tashi firgigit cikin dare a ce tana da aljanu, shekara ɗaya biyu ta fito da ƙarin goyo. Ta dawo wajen wa? Wajen ƙawayen nan dai da ke inuwar darbejiya. Annabi ya ce mai ɗawainiya da matar da mijinta ya mutu da miskini kamar mai jihadi ne a tafarkin Allah, Bukhari da Muslim duk sun kawo shi, kuma ɗawainiya ta fi aurarwa faɗi, ciyarwa na ciki, karatun yara na ciki, samar mata wurin zama da 'yan uwanta ma na ciki.

Shi kuma irin wannan zumuncin a ƙafa yake, in aka raba ƙafafun sai ya yi rauni. Gwamna Zulum ya rufe sansanonin cikin Maiduguri daga 2021, Bakassi na cikin manyan da aka rufe a ƙarshen shekarar, aka mayar da mutane ƙananan hukumominsu ko suka watsu cikin unguwanni neman haya. Gwamnati na da hujjarta, ba a dawwama a tanti. Sai dai matan da suka shekara shida bakwai tanti na jikin tanti, suka yi wa juna wankan jego da jinya da rakiyar gawa, rana ɗaya wannan ta yi Monguno waccan ta yi Gwoza wata ta maƙale a Muna can gefen Maiduguri, adashe ya watse, sai ɗan filashin in an samu caji da kati. Gobarar Kasuwar Monday a watan Fabrairun 2023 ta taɓa masu ƙananan sana'a da ke saro kaya a can, ambaliyar da ta biyo fashewar madatsar Alau a Satumban 2024 ta shanye unguwanni da yawa har da kekunan ɗinki da injinan markaɗe da aka yi shekaru ana tarawa. Wadda take da ƙungiya ta samu wadda za ta ba ta kwana da aron tukunya, wadda ba ta da kowa Allah kaɗai ya san yadda ta yi.

Akwai kuma wasu matan da ko sunan bazawara ba su samu ba, kuma nasu ya fi na kowa ciwo. An tsare mazajensu a wajen tantancewa ko an kwashe su a samame, ko 'yan ƙungiyar sun tafi da su daji, shiru har yau, ba gawa ba kabari ba labari. Ba ta yi takaba ba don ba a ce ya mutu ba, ba ta da miji don ba ya nan, ba a raba gado ba, ba ta da damar wani auren. A mazhabar Malikiyya matar wanda ya ɓace za ta kai ƙara gaban alƙali, a bincika, a yanka mata shekara huɗu sannan ta yi idda irin ta mutuwa, amma mace nawa ce daga ƙauyen Banki ta san wannan ko take da kuɗin motar zuwa kotu, kuma wace ce za ta iya buɗe baki ta nemi a ɗauki uban 'ya'yanta a matsayin mamaci alhali zuciyarta na ce mata yana tsare a barikin sojoji na Giwa da ke Maiduguri? A 2019 ICRC ta ce mutum kusan 22,000 aka kawo mata rahoton ɓacewarsu a Najeriya, adadin da ya fi na kowace ƙasa a rajistarta a lokacin. Ƙungiyar Amnesty kuma a rahotonta na 2015 ta ce sama da mutum 7,000 sun mutu a tsare a hannun sojoji tun daga 2011, zargin da rundunar ta musanta.

Su ma juna suka nema. Matan Bama da kewayenta sama da dubu suka haɗu ƙarƙashin sunan Knifar, ga kuma Jire Dole ta iyaye da matan waɗanda suka ɓace, wadda Hajiya Hamsatu Allamin ta tsaya wa ta hanyar gidauniyarta. Yawancinsu ba su yi boko ba, amma suka zauna kowa ta faɗi sunan mijinta da garinsu da inda aka raba su, aka rubuta jerin sunaye aka kai wa hukumomi, aka yi ta bibiya shekara da shekaru. A watan Yulin 2021 sojoji suka saki mutum 1,009 da suka ce bincike ya wanke su, aka miƙa su ga gwamnatin Borno, kuma wasu daga cikin mazan matan Knifar na ciki. Sauran har yanzu abin da suke nema bai wuce a fito da rajistar waɗanda aka tsare a faɗa musu wane yana raye wane ya rasu da ranar da ya rasu ba, don mai takaba ta yi takabarta a raba wa marayu gadonsu.